Kiɗa da Waƙa a Ƙasashen Arewacin Turai: Tambayoyi da Amsoshi

Ƙasashe biyar ake nufi a nan: Denmak, Norwe, Suwidin, Finlan da Aislan, haɗe da tsibiran Faro da Girinlan waɗanda ke ƙarƙashin masarautar Denmak. In ka tara jama'arsu gaba ɗaya ba su kai miliyan 30 ba, amma da wuya ka wuni kana sauraron rediyo ko kallon fina-finan Turai ba ka ci karo da aikin ɗaya daga cikinsu ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan yadda abin ya faro da yadda ya kai haka.

Kiɗan waɗannan ƙasashe duk iri ɗaya ne?

A'a. Mutanen Denmak, Norwe, Suwidin, Aislan da Faro harsunansu 'yan gida ɗaya ne, kuma sun yi tarayya a dogayen waƙoƙin labari na tun tsakiyar zamani, waɗanda ke ba da labarin jarumai da sarakuna da aljanu. Harshen Finlan kuwa daban yake, danginsa su ne Istoniya da Hangari, tsohuwar waƙarsu ma tsarinta daban. Can ƙuryar arewa akwai al'ummar Sami, makiyayan barewar ƙanƙara da masunta, waɗanda ƙasarsu ta ratsa Norwe, Suwidin, Finlan da Rasha. A Girinlan kuma Inuwit ne, masu rawar ganga. Abin da ya haɗa su shi ne addinin Kirista na ɗarikar Luther, da doguwar hulɗar mulki, inda Denmak da Suwidin suka daɗe suna juya sauran.

Me aka sani game da kiɗan zamanin Vikin, mayaƙan teku na yankin, da kafinsa?

Kayan kiɗa mafi tsufa da suka yi suna su ne wasu dogayen ƙahonin tagulla masu lanƙwasa da ake kira lur, waɗanda shekarunsu suka kai kimanin 3,000. Yawancinsu a dausayin Denmak aka tono su, galibi bibbiyu. A 1797 masu haƙa suka ci karo da guda shida a wuri ɗaya, a Brudevælte, kuma wasu har yau ana iya busa su. Sun girmi zamanin Vikin da fiye da shekara dubu, duk da cewa masu zane kan haɗa su a hoto ɗaya.

Zamanin Vikin kansa, daga wajen 793 zuwa 1066, ya bar sarewar ƙashi da ɓurɓushin kayan tsirkiya, amma bai bar kari ko ɗaya a rubuce ba. Abin da ya tsira shi ne kalmomi. Sarakunansu suna da skald, wato mawaƙan fada masu wasa sarki, su ƙirga yaƙe-yaƙensa, ya ba su zoben zinariya ko takobi, kamar dai yadda makaɗan fada ke yi a ƙasar Hausa. Da yawa cikin waɗannan mawaƙa 'yan Aislan ne, kuma a can aka rubuta baitocinsu daga baya.

Akwai shaidar wani baƙo. Ibrahim ibn Yaƙub al-Tartushi, matafiyi daga Andalus, ya ziyarci garin kasuwanci na Hedeby wajen shekara ta 965, ya ce bai taɓa jin waƙa mai muni kamar tasu ba, wai gurnani ne daga maƙogwaro da ya fi haushin kare muni. Kunnen da ya saba da kiɗan Ƙurɗuba ne ya yi wannan hukunci, don haka a ɗauke shi da taka-tsantsan. Karin waƙar duniya mafi tsufa da aka samu a rubuce a yankin yana shafin ƙarshe na Codex Runicus, littafin dokoki na wajen 1300. Don haka duk abin da ake kira “kiɗan Vikin” a fina-finai yau, irin na ƙungiyar Wardruna, ƙirƙira ce ta zamani da aka gina a kan tsofaffin kayan kiɗa.

Waɗanne kayan kiɗa ne na gargajiya?

Sarkinsu goge. Tun daga ƙarni na 17 gogen Turai ya mamaye ƙauyuka, shi ake kaɗawa a biki da rawa, musamman rawar polska mai taku uku. Amma kowace ƙasa tana da nata na musamman.

A yammacin Norwe akwai gogen Hardanger. Tsirkiya huɗu ake gogawa, sai wasu huɗu ko biyar da ke kwance a ƙarƙashinsu, ba a taɓa su, su dai amsawa suke yi da kansu idan na sama sun yi ƙara. Wannan ne ke sa mutum ɗaya yana kiɗa ka zaci biyu ne. Mafi tsufa da aka sani yana ɗauke da shekarar 1651. A Suwidin, musamman lardin Uppland, akwai nyckelharpa, goge mai maɓallan itace da ake dannawa maimakon a ɗora yatsa kan tsirkiya. Ya kusa ɓacewa a farkon ƙarni na 20, sai maƙerinsa kuma makaɗinsa Eric Sahlström ya gyara shi ya koya wa matasa. Na zamani yana da tsirkiya 16.

Finlan kuwa kantele ne, akwatin itace da ake ɗorawa a cinya ana taɓa tsirkiyarsa da yatsu. Na dā tsirkiya biyar gare shi, na dandalin yau ya kusa 40. A cikin Kalevala, kundin da likita Elias Lönnrot ya harhaɗa daga bakin mawaƙan yankin Kareliya ya buga a 1835, an ce jarumi Väinämöinen ne ya fara ƙera kantele da muƙamuƙin wani ƙaton kifi.

Tsibiran Faro ba su damu da kayan kiɗa ba. Riƙe hannu ake yi a yi da'ira, taku biyu hagu, ɗaya dama, jagora yana ba da baiti jama'a suna amshi, waƙa ɗaya tana iya haura baiti ɗari. Wannan rawa ce ta riƙe musu harshensu a ƙarnonin da makaranta da coci ke amfani da harshen Denmak. Aislan tana da rímur, dogayen waƙoƙin labari da ake rerawa da dare a gidajen gona.

Da gaske akwai waƙar kiran shanu?

Akwai, sunanta kulning a Suwidin. Da bazara akan kai shanu da awaki makiyayar kan tudu, nesa da ƙauye, kuma mata ne ke wannan kiwo. Suna kiran dabbobi da wata siririyar murya mai tsananin ƙarfi wadda ke ratsa daji ta yi nisan kilomitoci, da ita kuma suke sanar da makiyayan wani tudun cewa saniya ta ɓata ko an gan ta. Aiki ne kafin ya zama fasaha. Yau har a makarantun kiɗa ana koyar da shi.

Mene ne joik, kuma me ya sa aka taɓa hana shi?

Joik salon rerawa ne na Sami, yana cikin mafi tsufa a Turai. Kalmominsa kaɗan ne, wani ma babu. Kowane joik na wani ne: mutum, ko dutse, ko dabba. Ana yi wa yaro nasa, ya zama kamar sunansa na biyu, kuma ba al'ada ba ce mutum ya riƙa rera na kansa.

Da yake bokayen Sami suna amfani da joik da ganga wajen ibadarsu ta gargajiya, masu wa'azin Kirista suka ɗauke shi aikin shaiɗan. A ƙarni na 17 da na 18 aka ƙwace gangunan, aka ƙona da yawa, wasu aka kai gidajen tarihi. A 1693 aka ƙone wani Basami mai suna Lars Nilsson a Arjeplog saboda ya ƙi barin addinin kakanninsa. Daga baya farfaɗowar addini ta Lars Levi Laestadius ta sa Sami da kansu suka riƙa ganin joik zunubi ne, kuma har tsakiyar ƙarni na 20 akwai makarantun da ba a yarda yaro ya yi shi ba.

Abin ya juya ne a 1968, da Nils-Aslak Valkeapää ya fitar da faifan joik na zamani. Rikicin madatsar ruwa ta Alta a arewacin Norwe a ƙarshen shekarun 1970 ya mayar da joik muryar gwagwarmaya, har ya shiga waƙar da Norwe ta kai gasar waƙa ta Turai, Eurovision, a 1980. Mari Boine ta kai shi duniya da faifanta na 1989, Valkeapää kuma ya yi joik a bikin buɗe wasannin Olamfik na hunturu a Lillehammer a 1994. Wanda ya kalli fim ɗin yara na Frozen ya ji tasirinsa a waƙar buɗewa, wadda Frode Fjellheim ya tsara.

Ke nan coci gaba ta yi da kiɗa?

Ta gina, ta kuma rusa. Bayan sauyin addini na ƙarni na 16, waƙar coci ta koma harshen jama'a, kowa yana rerawa, kowane gari yana buƙatar mai kaɗa ogan. A nan ɗabi'ar rera waƙa a taro ta kafu. Littafin Piae Cantiones na 1582 ya adana waƙoƙin ɗaliban makarantar coci ta Turku a Finlan.

Amma a ƙarni na 19 guguwar tsananin addini ta bi ƙauyukan Norwe da Suwidin, ana cewa goge kayan shaiɗan ne, tunda rawa da giya suke bin sa. Almara ma ta taimaka: an yi imani cewa ƙwararren makaɗi wurin aljanin ruwa ya koyo, a gindin magangara. Makaɗa da dama suka tuba suka ƙona gogensu, kare-kare masu yawa suka tafi da su. A Aislan malaman coci sun riga sun kashe tsohuwar rawar vikivaki tun ƙarni na 18.

Yaushe rubutaccen kiɗa irin na manyan tawagogi ya shigo?

Ta fada ya shigo, kuma da farko baƙi ne ke yin sa. Sarki Christian na Huɗu na Denmak ya ɗauko John Dowland daga Ingila a 1598 yana biyansa albashi mai tsoka. Dieterich Buxtehude, wanda ya taso ya yi aikin ogan a Helsingør ta Denmak, ya koma Lübeck ta Jamus ya shahara har matashi Bach ya yi tattakin kusan kilomita 400 a 1705 don ya ji shi. A Suwidin ana kiran Johan Helmich Roman uban kiɗan ƙasar. Sarki Gustav na Uku ya kafa makarantar kiɗa ta masarauta a 1771 da ƙungiyar opera a 1773, kuma a gidan operar da ya gina aka harbe shi a 1792 ana tsakiyar liyafa.

Me ya sa sunayen Grieg, Sibelius da Nielsen suka fi fitowa?

Domin sun zo a lokacin da ƙananan al'ummomi ke neman abin da za su nuna su ce “wannan namu ne”. Norwe ta fita hannun Denmak a 1814 ta faɗa haɗaka da Suwidin har 1905. Finlan tana ƙarƙashin Rasha daga 1809 zuwa 1917. Masu ilimi suka bazama ƙauyuka suna rubuta waƙoƙin da a dā suke rainawa. A 1849 shahararren mai goge Ole Bull ya hau dandali a babban birnin Norwe tare da makaɗin ƙauye Myllarguten, abin da ba a saba gani ba.

Edvard Grieg (1843–1907), ɗan Bergen ta Norwe, a Leipzig ya yi karatu, amma kare-karen ƙauye ne suka ba shi murya. Babban aikinsa na fiyano da tawaga ya tsara shi a 1868, kiɗan wasan Peer Gynt kuma aka fara yin sa a 1876. Gutsattsarinsa sun cika tallace-tallace da katun, mutane da yawa sun san su ba su san mai su ba. A ƙarshen rayuwarsa wani tsohon makaɗin Hardanger, Knut Dahle, ya yi ta rubuto masa wasiƙa yana roƙon a rubuta kare-karensa kafin ya mutu. Aka tura shi wurin Johan Halvorsen ya rubuta, Grieg ya mayar da su na fiyano. A ganina wannan ɗan aikin ya fi wasu shahararrun nasa ƙarfin hali.

Jean Sibelius (1865–1957) ya taso da harshen Suwidin a gida, ya rungumi na Finlan. A 1891 ya je ya saurari Larin Paraske, tsohuwa mai dubban baitoci a ka, shekara ta gaba ya fito da kiɗansa na Kullervo. Gwamnati ta yanka masa albashi tun 1897 don ya zauna ya yi tsara kawai. Ya bar simfoni bakwai. Bayan 1926 bai sake fitar da babban aiki ba har shekara 30, ta takwas kuma da hannunsa ya jefa ta a murhu.

Carl Nielsen (1865–1931) ɗan talakawa ne daga tsibirin Fyn, mahaifinsa mai fenti ne kuma makaɗin biki. A waje simfoninsa shida aka sani. A gida kuwa waƙoƙinsa masu sauƙi ne suka fi shiga rai, waɗanda ke cikin littafin waƙar makarantun manya na Denmak, har yau ana buɗe taro da su.

An ce wani kiɗan Sibelius yana da alaƙa da tarihin Nijeriya?

Haka ne. Ya tsara Finlandia a 1899, lokacin da Rasha ke matse wa Finlan wuya, har akan sauya masa suna a takardar shiri don kauce wa masu tace labarai. Karin da ke ƙarshensa ya zama waƙar coci a ƙasashe da yawa, kuma shi Biyafara ta ɗauka ta ɗora taken ƙasarta a kai a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Abin mamaki, a Finlan ɗin ba shi ne taken ƙasa ba. Nasu Fredrik Pacius, haifaffen Jamus, ya tsara a 1848, kuma kari ɗaya suke amfani da shi da Istoniya.

Rubutaccen kiɗa ya tsaya a kan waɗannan ukun ne?

Ko kusa. Finlan mai mutum miliyan biyar da rabi ta cika duniya da jagororin tawaga, yawancinsu ɗaliban malami ɗaya, Jorma Panula, a makarantar Sibelius da ke Helsinki: Esa-Pekka Salonen, Osmo Vänskä, Sakari Oramo. A 2016 babban gidan opera na New York ya yi aikin Kaija Saariaho, karo na farko da ya yi na mace tun 1903. Hildur Guðnadóttir ta Aislan ta ci kyautar Oscar a 2020 da kiɗan fim.

Ya aka yi tango ya zama na Finlan?

Daga Ajantina ya zo wajen 1913, ya zauna, ya sauya hali: ya yi sanyi, ya cika da kewa da begen gida, musamman bayan yaƙin duniya na biyu. Garin Seinäjoki yana bikinsa duk shekara tun 1985, ana naɗa sarki da sarauniyar tango. Jaz ma haka ya samu masauki. Baƙaƙen Amurka irin su Dexter Gordon da Ben Webster sun yi zama a Kofanhegan, a 1964 kuma Jan Johansson ya fitar da faifan da ya kaɗa kare-karen ƙauyen Suwidin da salon jaz.

ABBA ce ta buɗe ƙofar waƙoƙin zamani?

Ita ce. Ranar 6 ga Afrilu, 1974, ta ci gasar Eurovision a Brighton da waƙar Waterloo. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a gida ba kowa ya yi murna ba. Masu ra'ayin gurguzu a harkar kiɗa sun ɗauke su 'yan kasuwa, suka shirya nasu bikin na adawa a 1975, har Suwidin ba ta shiga gasar 1976 ba. ABBA ta tsaya a 1982, ta dawo da sabon faifai a 2021. Bayanta Roxette, Europe da Ace of Base suka biyo, Norwe ta fitar da a-ha, Denmak ta fitar da Aqua, Aislan da ba ta kai mutum 400,000 ba ta fitar da Björk da Sigur Rós. A Eurovision, Suwidin ta ci sau bakwai, Norwe da Denmak sau uku-uku, Finlan sau ɗaya a 2006.

Mene ne sirrin Suwidin?

Akan ce dogon hunturu ne ke kulle matasa a ɗaki su koyi jita. Ban gamsu ba, don Saiberiya ma akwai sanyi. Dalilan da suka fi kama hankali na kuɗi ne da tsari. Tun shekarun 1940 ƙananan hukumomi suka fara buɗe makarantun kiɗa inda yaro zai je bayan an tashi daga boko, a ba shi aron kayan kiɗa, kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. Ƙungiyoyin ilimin manya suna ba matasa ɗakin atisaye. Talabijin ba ya fassara fina-finai da murya, rubutu ake sawa a ƙasa, don haka yara suna tashi da Turanci a kunne. Ga kasuwar gida ƙarama, wanda ke son ya ci abinci da waƙa dole ya kalli waje.

Sai kuma salon aiki a ƙungiyance. A situdiyon Cheiron da ke Stockholm, Denniz Pop ya horar da Max Martin, wanda ya rubuta wa Britney Spears waƙar da ta fito da ita a 1998, daga baya ya yi aiki da Katy Perry, Taylor Swift da The Weeknd. Waƙoƙinsa sama da 20 sun hau matsayi na ɗaya a Amurka, amma zai wuce ka a titi ba ka gane shi ba. Ita ma manhajar Spotify a Stockholm Daniel Ek da Martin Lorentzon suka kafa ta a 2006, a matsayin amsa ga satar fasaha da ta yi katutu a ƙasar. Ta iso Nijeriya a 2021.

Akwai hannun 'yan Afirka da Musulmi a wannan tarihi?

Sosai. Dr. Alban, haifaffen Oguta a Jihar Imo, karatun likitan haƙori ya kai shi Suwidin, yana haɗawa da sa faifai a gidan rawa. Shi da Denniz Pop suka yi Hello Africa a 1990 da It's My Life a 1992, nasarar da ta share fagen Cheiron. Neneh Cherry, haifaffiyar Suwidin wadda mahaifinta makaɗi ne daga Saliyo, ta yi waƙa da Youssou N'Dour a 1994. Maher Zain, wanda waƙoƙinsa na addini suka shiga wayoyin matasa daga Kano har Yamai, a Lebanon aka haife shi amma a Suwidin ya girma, kuma ya koyi aikin situdiyo tare da RedOne, ɗan asalin Maroko, kafin faifansa na farko a 2009. Loreen ta Suwidin, mace ɗaya tilo da ta ci Eurovision sau biyu, iyayenta 'yan Maroko ne. Ludwig Göransson ɗan Suwidin kuma sai da ya bi Baaba Maal yawo a Senegal, ya ɗauko sautin ƙaramin kalangun da suke kira tama, kafin ya tsara kiɗan Black Panther da ya ci Oscar.

Me ya haɗa ƙasashe masu zaman lafiya da kiɗan metal mai hayaniya?

Finlan tana sahun gaba a duniya wajen yawan ƙungiyoyin metal in aka auna da yawan jama'a, kuma a can ba abin tsoro ba ne: 'yan Apocalyptica ɗaliban makarantar Sibelius ne, da manyan gogen tawaga suke kiɗansu. A Norwe ne abin ya yi muni a farkon shekarun 1990. Wasu matasa masu ƙin addinin Kirista suka riƙa cinna wa coci-coci wuta, ciki har da tsohuwar cocin katako ta Fantoft a 1992. A 1993 Varg Vikernes ya kashe jagoran ƙungiyar Mayhem, aka ɗaure shi shekara 21, hukunci mafi tsanani a dokar ƙasar a lokacin. Tsiraru ne suka yi wannan, salon kuma ya ci gaba ba tare da ta'asar ba.

Kiɗan gargajiyar yana nan, ko sai a gidan tarihi?

Yana nan, kuma ba da kansa ya tsira ba. Norwe tana gasar ƙasa ta makaɗa da masu rawa tun 1896. A Suwidin mai zane Anders Zorn ya shirya gasar makaɗan ƙauye a Gesunda a 1906, yau kuma akwai lambar da ke ɗauke da sunansa: mutum ya kaɗa a gaban alƙalai, in ya cancanta a ba shi muƙamin makaɗin ƙasa. Garin Kaustinen na Finlan yana biki tun 1968, makarantar Sibelius ta buɗe sashen kiɗan gargajiya a 1983, inda ake iya yin digiri har na uku. Hukumar UNESCO ta sa kiɗa da rawar Setesdal a jerinta a 2019, gogen Kaustinen a 2021. Har yanzu makaɗin Hardanger kafin ya fara yakan faɗi sunan wanda ya koya masa karin, da wanda shi ma ya koya wa wancan, wani lokaci har zuriya biyar ko shida.